Keken Haladu Mai Rabon Goro

A Bakori, idan uwa ta gaji da yaro mai ƙiriniya takan ce masa, "Zauna mana, sai ka ce Haladu." Ba ta bukatar ƙarin bayani. Malam Haladu mai rabon goro mutum ne da zama bai taɓa karɓarsa ba. A masallaci, liman na sallama ta biyu hankalinsa ya riga ya koma wajen takalmi. A zaman makoki shi ne mai tashi ya gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Matarsa Kulu ta daɗe da daina zuba masa tuwo da zafi, don ta san ba zai jira ya huce ba, sai dai ya ƙona baki ya fita yana hura harshe.

Yana noma kamar kowa, masara da waken suya da ɗan tattasai a fadama, amma ba da noma aka san shi ba. Tun yana saurayi, idan an haihu a unguwarsu ko an sa ranar aure, shi maigida yake kira ya damƙa masa goron gayyata. Ya naɗe shi a ganye, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara don kada ya bushe, ya ɗaure a kariyar keke, ya kama hanya. Yau Maska, gobe Ƙarfi, jibi wata tungar da ko masu acaɓa sai sun yi tambaya. Kuma yana da aƙida guda: ba ya barin goro a hannun maƙwabci, ba ya barin sallahu. Sai ya durƙusa gaban wanda aka aike shi wurinsa ya sa masa a tafin hannu. Goron da aka ajiye wa mutum, in ji shi, ba gayyata ba ce, sadaka ce.

Da waya ta zo ta cinye rabin aikin. Kati da alawa suka cinye rabin abin da ya saura. Amma tsofaffi ba su ƙare ba, kuma har gobe akwai dattijon da za a kira shi a waya sau goma ya amsa da "Allah ya sanya alheri," ranar biki a neme shi a rasa, don a wurinsa ba a gaya masa ba. Saboda irin waɗannan Haladu bai rasa abin ɗaurawa a kariya ba. Ranar da babu goro ma fita yake yi. Ya ce zai je ya dubo farashin masara a Funtuwa, alhali ko tiya ba shi da niyyar sayarwa.

Keken na mahaifinsa ne, baƙin Rali mai sanda. An sauya masa taya da sirdi da sarƙa da feda ba adadi, ƙashin bayan ne kawai na asali. A kansa Haladu ya yi tafiyar da ya fi so a ba shi dama ya ba da labarinta, wato ranar da ya kai yayarsa ɗakin miji. Sunanta Tsohuwa, don sunan kakarsu ta ci, kuma sunan ya yi ta jiranta har ta cim masa. Ta auri Malam Rabe, malamin daji, wanda take so tun yana zuwa cin kasuwar Bakori da kakinsa. Gidansa yana Kwarin Maɗaci, wani kwari mai tsawo tsakanin duwatsu, a gefen gandun dajin da gwamnati ta hana sara da farauta. A zamanin, amarya mai goshi ce ake kaiwa a keke. Mahaifinsu ya dubi Haladu, gemu bai ko fara tsiro masa ba, ya ce ya tuƙa a hankali. Ya tuƙa a hankali har bakin Gangaren Birai, inda hanya take sulalewa cikin kwarin. Nan ya saki birki. Amarya tana dukan bayansa da dunƙule tana dariya a cikin mayafi, 'yan rakiya suna can baya suna salati.

Malam Rabe ya rasu da daɗewa, Tsohuwa kuwa ta ƙi barin kwarin. Ba ta haihu ba, sai Haladu ya ba ta riƙon autarsa Najiba tun daga yaye, ta raine ta har ta shiga sakandare. Duk mako sai ya gangara ya gaishe su, ko da dalili ko babu. Shi zumunta a ƙafa take, ƙafarsa kuma a kan feda.

Abin ya fara lalacewa ne a daminar bara. Duniya ta soma yi masa fari-fari, kamar yana kallonta ta cikin ruwan gasara. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi gane mutane da murya da irin tafiyarsu, hanya kuwa dama a ƙafarsa take. Sai da kakar bana asiri ya so tonuwa. Lokacin ne manoma ke baza masara a gefen kwalta ta sha rana, Haladu kuwa ya taho da gudunsa ya hau tsakiyar shanyar wani bawan Allah. Taya ta zame, ya yi sama ya dawo, kafaɗa ta goce, gwiwa ta sale. Kafin a ɗaga shi ya riga ya fara zagin birki.

Har shagon Ikechukwu ya sa aka tura keken. Ikechukwu haihuwar Funtuwa ne, ya gaji sayar da kayan keke daga mahaifinsa, kuma tun yana ɗan makaranta yake miƙo wa Haladu sifok da bawul. Ya matsa birkin gaba, ya matsa na baya, ya ce wallahi Baba Haladu birkin nan ya fi na motarsa kamawa. Haladu ya ce yaran yanzu ba su san keke ba.

Babban ɗansa Zainulabidin, mai shagon taki da maganin feshi a Funtuwa, bai yarda da zancen birki ba. Ya kai shi asibiti aka ɗaure kafaɗa, ya kuma sa aka haska idon. Aka ce yanar ido ce, a Zariya ana kankare ta. Haladu ya ce babu mai sa masa wuƙa a ido yana zaman zamansa, shi da yake hango mota tun daga kwanar gari. Zainu bai yi musu ba, don ba a yi masa tarbiyyar musu da uba ba. Ya dai zo da igiya, ya sace iskar tayoyin, ya rataye keken a jikin azarar zaure, can sama inda sai da tsani. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ranar da aka yi aikin, ni da hannuna zan sauke maka shi."

Haladu ya kau da kai. Zainu ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa, balle ya tsaya cacar baki da shi. Amma abin ya ci masa rai ƙwarai, ya ji kamar an yi masa kaciyar tsufa a gaban jama'a.

Gidan ya shiga uku. Mutumin da bai saba wuni a gida ba ya wayi gari ba shi da wurin zuwa. Ya kwance dangar awaki ya sake ɗaurewa. Ya leƙa rumbu, ya fito, ya koma ya leƙa. Ya gaya wa Kulu cewa shekara da shekaru ashe ba ta iya jera itace ba. Ya zauna a dakalin ƙofar gida, ƙafarsa ta dama tana hawa tana sauka ita kaɗai, da ya ji ƙararrawar keken wani sai ya miƙe tsaye. Kulu ta ce da ta san haka zaman miji a gida yake, da ba ta yi shekaru tana roƙon Allah ya zaunar mata da shi ba.

Ana cikin haka ranar auren Najiba ta matso. Ta gama karatun aikin jinya, za ta auri wani malamin makaranta, Mahadi, wanda ita ta kawo shi gida da kanta. Zainu ya ɗauki hidimar gayyata. Ya buga kati, ya tura saƙo ta waya, ya kira Gwaggo Tsohuwa da bakinsa ya gaya mata ranar sa lalle. Ta yi addu'a mai tsawo, ta tambayi lafiyar yara, ta kashe waya. Kowa ya san ita za ta sa wa Najiba lalle, ita za ta wanke ta, don uwar riƙo ce kuma babbar gwaggo. Najiba ma ta ce idan ba hannun Gwaggo ba, babu mai taɓa ƙafarta.

Aka share wa Gwaggo ɗaki, ba ta zo ba. Kulu ce ta tuna musu cewa ba a kai goro ba. Zainu ya sayi farin goro mai kyau ya ba ɗan acaɓa. Kafin la'asar ɗan acaɓa ya dawo da ƙullin yadda aka ba shi, da saƙo a bakinsa. Tsohuwar ta ce ita ba ta cin goron haya. Ta ce wanda ya kawo ta Kwarin Maɗaci, a kan abin da ya kawo ta, shi zai kawo mata goron ɗiyarta, in kuwa ba haka ba a nemi wata gwaggon.

Labarin rataye keke ya riga ya kai mata, kuma yadda ya kai mata shi ne yaro ya yi kuɗi ya raina uba. Zancen ido babu wanda ya gaya mata, don Haladu ya hana. Zainu ya ce zai kai Baba a mota da ya dawo daga kasuwa gobe. Haladu ya ce to. Irin "to" ɗin da Kulu ta ji ta ɗago kai ta dube shi.

Washegari, motar Zainu na barin unguwa, Haladu ya jingina tsani. Ya kwance igiya da hannu ɗaya, keken ya sauko yana lilo har ya kusa tafiya da shi. Ya ɗauko famfo ya ba tayoyin iska, yana bugawa kafaɗar tana amsawa. Kulu tana tsaye a ƙofar tsakar gida. Ta ce masa rana ba ta ƙarya, amma gara uwar ɗiya ta ji kunya da ta yi takaba a makon biki. Ya ci gaba da buga famfonsa. Da ta ga ya fara ɗaure bakin wando, sai ta shiga ta jiƙo buhun algarara ta miƙa masa, ranta a ɓace.

Da ya hau, sai ya ji kamar an cire masa ƙaya. Iskar kaka tana kaɗa masa riga, ƙamshin karan masara da aka sare yana ko'ina. Manyan motoci masu lodin buhu suna wuce shi, yana jin su tun daga nesa ya raɓe. Yana bin bakin kwalta da kunne: idan taya ta fara ƙarar tsakuwa ya san ya yi gefe da yawa. Duk wani abu mai haske a gefen hanya ya ɗauke shi shanya ya kauce masa. Ya yi wa wani mutum sallama a gindin tsamiya, bai amsa ba, sai da ya wuce ya tuna kututture ne da ya daɗe a wurin.

Ya bar babbar hanya ya kama tsohuwar kwaltar da ta nufi duwatsu. Nan gonaki suke ƙarewa, gandun daji ya fara daga hannun hagu, itatuwa a cunkushe, sanyi yana fitowa daga cikinsu ko da rana tsaka. Ya ji haushin bika a saman dutse. Ya iso bakin Gangaren Birai ya sa ƙafa ƙasa.

Da can, daga nan yana ganin kwarin gaba ɗaya: rafi, gada, layin maɗatai, har hayaƙin gidan yayarsa. Yau fari kawai ya gani, da wasu duhu-duhu da bai san ko duwatsu ne ko shanu ba. Ruwan damina yakan ci hanyar nan kowace shekara, kuma yanzu ba ya hango inda ya ci bana. Ya ɗora ƙafa a feda, ya sauke. Ya sake ɗorawa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kan keke ba. Ya waiga dama da hagu ko da mai kallo, ko da yake in ma akwai ba gani zai yi ba. Sannan ya sauka ya riƙe kan keken ya fara turawa. Mutum ya tura keke a hawa ba abin kunya ba ne. Haladu a gangare ya tura nasa, tun daga sama har gada.

Ya shiga gidan da sallamarsa mai ƙarfi, don kada a ji gajiya a muryarsa. A inuwar rumbu, inda yayarsa take zama kullum, ya ga mace zaune da zane mai duhu tana ɓarar masara. Ya jingine keke, ya kwance ganye, ya durƙusa, ya kamo hannunta ya zuba goron a ciki. Ya ce, "Yaya, ga goron ɗiyarki. Za a sa lalle ranar Alhamis."

Hannun matar ya sandare. Muryar Tsohuwa ta fito daga bayansa, daga ƙofar ɗaki.

"Haladu. Ga ni nan."

Lantana ce, maƙwabciya, da ta shigo taya aiki. Ta miƙa wa Tsohuwa goron da hannu biyu, ta ce ta bar tukunya a wuta, ta fita ba ta ko ɗauki faifanta ba. Haladu yana durƙushe inda yake. Tun da ya fara rabon goro bai taɓa sa shi a hannun da ba nasa ba, sai yau, a gidan da ya fi sani a duniya.

Tsohuwa ta kawo ruwa a kwanon sha, ta miƙa masa. Ya kai hannu ya kama iska, sannan ya lalubo bakin kwanon. Ta zauna a gabansa, ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske kamar yadda take yi masa yana yaro idan ya yi ƙarya.

"Tun yaushe?"

"Tun daminar bara."

"A haka ka gangaro?"

"Turowa na yi, Yaya."

Ta sake shi. Ta ce ita ta ɗauka yaron nan ne ya ga ya yi mota ya raina keken ubansa, ta ce bari ta ƙwato wa ƙaninta abinsa. "Ashe kiranka na yi ka zo ka mutu a hanyata." Ta yi kuka, ta zage shi, ta zagi kanta, ta share ido da bakin zane ta ɓare goron ta ci. Sannan ta ɗauko waya ta ce za ta kira Zainu ya kawo mota.

Haladu ya ce ta yi wa Allah ta bari. Ya ce ita ta faɗa da bakinta, wanda ya kawo ta, a kan abin da ya kawo ta. Ya ce daga nan zuwa gindin hawa shimfiɗa ce, ba gangare ba kwana, kuma ita idonta garau yake. Ta dube shi. Ta san idan ta kira motar nan, turin da ya yi a gangare shi ne zai zama tafiyarsa ta ƙarshe a kwarin. Ta tashi ta ɗaure ƙullin kayanta da garin lallen da ta daka tun ranar da aka kira ta a waya, ta ninka zane ta shimfiɗa a kariya.

Suka fito, tsoho yana tuƙi tsohuwa tana zaune a karkace, hannunta ɗaya riƙe da rigarsa, kanta a leƙe ta gefen kafaɗarsa. Ta ce dama, ya yi dama. Ta ce rami, ya kauce. Ta ce akuya, ya kaɗa ƙararrawa. Ta ce ba ta ce ya kashe akuyar mutane da tsoro ba. Masu yankan dawa suka miƙe daga sunkuyo suna kallonsu. Da suka haye gada suka shiga layin maɗatai, inda inuwa ta rufe hanya, sai ta duba gaba da kyau.

"Babu komai har gindin dutse," ta ce. "Fes take. Taka."

Ya taka. Sarƙa ta ɗauka, iska ta cika masa riga, inuwa da haske suna wucewa ta fuskarsa bi da bi. Bai ga hanya ba, bai kuma ji tsoro ba. Daɗi ya kama shi har ya rasa abin faɗa, sai ƙararrawa yake kaɗawa babu kowa a gaba. Can ya ji dunƙulen hannu a bayansa, ba ƙarfi kamar na wancan karon, da dariyarta a kusa da kunnensa.

A gindin hawa suka tarar da motar Zainu, don Kulu ba ta iya riƙe maganar ba. Ya fito fuskarsa a murtuke, tsoro ya koma masa fushi, amma da ya ga wadda take kan kariya sai ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce ya buɗe bayan mota ya sa keken, ya kuma yi a hankali da madigadi. Ba ta ce komai game da Lantana ba, a ranar ko bayanta.

Alhamis Tsohuwa ta sa wa Najiba lalle. Ana guɗa a cikin gida Haladu yana zaure, ya shiga ya fita ya fi a ƙirga, keken yana jingine a bango babu wanda ya yi zancensa. Da Zainu ya zo wucewa da kujerun haya, uban ya tsayar da shi, yana kallon wani wuri kamar yadda ya saba.

"Kai. Mutanen nan na Zariya, suna nan?"

"Suna nan, Baba."

"To, in biki ya watse, mu je." Ya dafa sirdin. "Ka mayar da shi inda ka ga dama. Amma ka sassauto da igiyar, kuma kada ka sace masa iska."

An ba su ranar aikin ido bayan an gama girbin dawa. Keken yana rataye a zaure daidai kafaɗar mutum, masu shiga gidan sai sun kauce masa. Haladu bai koyi zama ba har yanzu, Kulu kuma ba ta huta ba. Kowace safiya idan ya dawo daga masallaci yakan tsaya ya danna tayar gaba da babban yatsa, ya danna ta baya. In ya ji ta yi laushi, sai ya ɗauko famfo.